Maganin Sarkin Magori a Gefen Tanda

Na'urar ta iso Katsina cikin akwatin katako a bayan motar taki, shekara biyar da komawar sojoji bariki. Kyauta ce daga ɗakin binciken da na yi karatu a cikinsa a Turai. Sun sayi sabuwa, tsohuwar ta tsare musu wuri. Aka ba ni wani tsohon sito a GRA, da janareto ɗaya, da ma'aikaciya ɗaya, Mama Tabitha, mutuniyar Zonkwa. Shekararta ashirin da shida tana gwajin jini a asibitocin gwamnati, a shekaru kuma ta isa ta haife ni.

Aikin na'urar ba shi da wuyar faɗa. Akwai wani farantin roba da bai fi tafin hannu ba, mai gurbi casa'in da shida, sahu takwas, kowane sahu gurbi goma sha biyu. Ranar da Mama Tabitha ta fara ganinsa ta ce, "Wannan ai tandar wainar aljanu ce." Sunan ya bi shi. A kowane gurbi muna shuka ƙwayoyin hantar ɗan Adam, irin waɗanda ake kiwo a kwalba, ido ba ya ganinsu. Sai a ɗiga musu maganin da ake son gwadawa, a sa tandar a akwatin ɗumi kwana biyu, a zuba rini. Masu rai su yi kore, matattu su yi ja. Na'urar ta bi gurbi-gurbi tana ɗaukar hoto, kwamfuta tana ƙirgawa. Abin da mutum zai yi wata guda yana leƙe a madubin likita, ita tana gama shi kafin shayi ya huce.

Doka ɗaya ce ba a karyawa. Ba a sa magani a guraben gefe. Su ne ruwansu ke fara ƙafewa, abincin ƙwayoyin ya yi kauri ya yi gishiri, su mutu ko ba a ba su komai ba. A ƙasar sanyi ma haka ne, balle Katsina a watan Afrilu, da janareto mai hutawa lokacin da ya ga dama. Ruwa zalla ake cika guraben gefe da shi, su tare wa na ciki zafi.

Aikinmu na farko wani kwamiti ne ya kawo shi, wanda aka kafa don tsabtace sana'ar maganin gargajiya. Shugabansa Alhaji Garba, kowa Ciyaman yake ce masa. Ya zo da kwalabe arba'in daga masu magani arba'in, da hukunci a rubuce: duk maganin da na'ura ta ce guba ne, za a rufe rumfar mai shi, a karanta sunansa a rediyo.

Cikin kwalaben akwai ta Malam Gwadabe, Sarkin Magori, shugaban masu maganin garin. Shekara arba'in yana sayar da jiƙon shawara a rumfarsa ta Ƙofar Sauri. Abokin mahaifina ne. Ina ƙarama an ɗura mini jiƙon nan, har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Na rubuta sunayen a guntayen takardu, na zuba a kwano, na yi ƙuri'a, na ba kowa gurbinsa cikin sittin ɗin tsakiya. Na miƙa wa Mama Tabitha jadawalin. Sai aka aiko ana nemana a ofishin ma'aikatar lafiya, taron gaggawa. Na zauna a benci tun hantsi har la'asar ina jiran mutumin da ashe ya tafi Abuja. Da na dawo na tarar ta gama, tanda uku iri ɗaya suna cikin akwatin ɗumi. Ban buɗe na duba ba. Wannan laifina ne.

Ranar Litinin Ciyaman ya zo da jama'arsa a ga sakamako. Na'ura ta yi ƙugi, hotuna suka fara fitowa a allon kwamfuta. Tsakiya kore, in ban da gurbi biyu ko uku. Sahun farko kuwa ja wur, daga wannan kusurwa har waccan.

"Wannan jan fa?" in ji Ciyaman.

"Matattu ne," na ce. "Amma bai kamata a ce akwai komai a wannan sahun ba."

Mama Tabitha ta matso ta miƙo mini wata takarda da rubutun hannunta. "Na ɗan gyara miki, Dakta."

"Kin gyara me?"

"Na duba jadawalinki, na ga kin kai Baba Sarkin Magori can sahu na huɗu, kafaɗa da kafaɗa da mutumin nan mai tallar maganin basir a mota da lasifika. Ga sahun gaba fayau babu kowa. Na ce Dakta ta daɗe a waje, ta manta. Ko a cocinmu ba a yin haka. Ƙwayoyi ma sun yi saura, sai na shuka musu a can."

Na duba takardar. Dattawan sana'ar goma sha biyu ta tsame, ta jera su a sahun farko bisa girma, Malam Gwadabe a gurbi na ɗaya. Akwai biyu da ta rasa wa ya girmi wani, sai da ta aika kasuwa aka tambayo.

Ciyaman ya karɓi takardar daga hannuna. Yana karantawa fuskarsa tana washewa. Kowa a ɗakin ya san dalili. Lokacin zaɓe, da Ciyaman ya tsaya takara, Malam Gwadabe ya hana a liƙa hoton Ciyaman a rumfarsa, ya ce bango ne na magani, ba ya son a ɗauka hoton mai ciwo ne. Sauran dattawan suka bi sahunsa.

Na yi masa bayanin gefe, da zafi, da ƙafewa. Ya saurare ni har na gama, yana kaɗa mukullin mota.

"Dakta, ba ke kika ce mana wannan na'ura ba ta san ɗan wane ba?"

"Ni ce."

"Sau nawa aka gwada?"

"Tanda uku."

"Nawa suka yi ja?"

"Duka ukun, amma ranka ya daɗe..."

"To! Mulkin farar hula ake yi yanzu, rinjaye ake bi. Uku ba ko ɗaya." Jama'arsa suka yi dariya. "Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a karanta a rediyo."

Na roƙi a bar ni in sake gwajin. Ya ce in sake ko sau goma ne, shi dai ya gani da idonsa. Sauran maganin da ke cikin kwalaben kuma ya sa aka kwashe, wai shaida ce ta kwamiti.

Gwaji kwana biyu yake ci. In ban shuka ranar Talata da safe ba, ba zan sami abin nunawa kafin Juma'a ba. Sabon magani kuwa sai daga hannun masu shi. Da la'asar na ɗauki Mama Tabitha a mota muka nufi Ƙofar Sauri. Tana ta share hanci a hanya.

Labari ya riga mu. Mun tarar da Malam Gwadabe zaune a kan buzu a bakin rumfa, randar jiƙo a damansa, ba mai saye ko ɗaya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, da ƙafarta, da yayyena ɗaya bayan ɗaya, da zafi, da aiki. Sai da muka ƙare tas sannan ya ce, "Lailatu, ashe kin tahi Turai kin koyo yadda ake kashe kasuwar ubanki."

"Baba, kuskure aka yi. An sa maganinka a inda bai kamata ba."

"Ina aka sa shi?"

"A gurbin farko, sahun gaba."

"To mi ne ne kuskuren?"

Mama Tabitha ta ce ita ce ta sa shi can. Ya juyo ya dube ta da kyau. "Allah shi yi miki albarka, baiwar Allah. Ke kam an ba ki tarbiyya."

Na zana masa tandar a ƙasa da tsinke. Na nuna masa gefe, na nuna masa tsakiya. Na ce ina so ya ba ni sabon jiƙo in sa shi a sahu na huɗu ko na biyar, inda zafi ba ya kaiwa.

"Wa ke gabana?"

"Duk wanda ƙuri'a ta faɗa wa, Baba."

"Har mai lasihika?"

"Yana yiwuwa."

Ya ja murfin randar ya rufe. "A'a, ɗiyata. Garba shi rufe rumfa in ya so. Za a ce an zalunci Gwadabe. Amma in na yarda aka sa ni bayan mutumin da ya zo garin nan bara waccan da motar haya, mi za a ce? Ni na sauka da kaina. Sarauta ba ta komawa sahu na huɗu."

Na sake bayani da gishiri da ƙafewa. Na kawo misalin gulbi da rani. Ya ce duk ya ji, ilimi ne mai kyau, Allah ya ƙara basira. Bai buɗe randar ba.

Mama Tabitha tana tsugune tana kallon zanen da na yi a ƙasa. Can ta ɗaga kai ta dubi guntun tsohuwar ganuwa da ya rage a bayan rumfunan, ta sake duban zanen.

"Baba, ka yafe mini," ta ce. "Yanzu na gane abin da na yi maka. Ni na ɗauka tandar nan kujerun coci ce, manya a gaba. Ashe gari ce. Dubi, ga shi an kewaye ta. Wannan gefen duk ganuwa ce. Ni kuma na kwashe ku, dattawan gari goma sha biyu, na jera ku a kan ganuwa cikin rana kamar masu gadi."

Malam Gwadabe ya sunkuya ya dubi zanen. "Kan ganuwa?"

"Kan ganuwa, Baba. Kwana biyu."

"Ni?"

"Kai ne ma a kusurwa, inda rana ta fi bugu."

Ya karɓi tsinken daga hannuna, ya bi gefen zanen da shi a hankali har ya kewayo. "Shi ya sa," ya ce. "Wa zai kwana biyu bisa ganuwa a bazara shi sauko da rai?" Ya dangwala tsinken a tsakiya. "Nan hwa?"

"Nan ne tsakiyar birni," na ce.

"Wane gurbi ne cibiya?"

Sahu takwas ne, goma sha biyu-goma sha biyu, saboda haka babu gurbi ɗaya a cibiya, huɗu ne suka haɗa kai. Na faɗa masa. Ya ce to a ba shi huɗun. Na yi kamar ina tunani. Da ma ina son gwada jiƙon da ƙarfi huɗu daban-daban, na rasa yadda zan roƙa.

"An ba ka, Baba."

"Mai lasihika kuma?"

"Can bakin ƙofa, daga ciki kaɗan."

"Haka ya dace. Baƙo ne."

Ya buɗe randa ya cika mini kwalba. Ya ce sauran goma sha ɗayan in bar masa, kafin hantsi kwalabensu na wurina. A mota na ce wa Mama Tabitha ƙuri'ata ta lalace. Ta ce ƙuri'a nawa ta lalace a ƙasar nan, ba a mutu ba.

Ranar Talata da safe muna cikin shuka sai ga Ciyaman, shi da direbansa, da jakar ruwan leda. Yana da ƙaramin kamfanin ruwan leda a hanyar Jibiya. Ya ce tunda na'urar tana aiki haka, yana so a gwada ruwansa, ya sa a buga a jikin leda cewa kwamfuta ta tabbatar.

"Ba damuwa, ranka ya daɗe. Ina za a sa shi? Ka tuna jiya na ce gefe ba shi da kyau."

Ya yi murmushi. "Dakta, wannan zancen don ki kare abokin babanki ne, ni ma da ni ne haka zan yi. Ruwana zai zauna a bayan jiƙon saiwa? Sahun gaba. Daga farko har ƙarshe."

"Duka goma sha biyun?"

"Duka."

"A tanda ukun?"

"Ko tanda goma ce."

Na zana jadawali, na rubuta sunan ruwansa a sahun farko, na ba shi biro ya sa hannu. Na sa masa safar hannu, na ba shi bututun ɗigawa, ya ɗiga ɗigon farko da kansa, direba yana tafi. Mama Tabitha ta kafa wa rufin ɗaki ido kamar tana neman inda yake yoyo. Bayan sun tafi na ɗiga ruwan nasa a gurbi biyu na ciki da suka yi saura. Ban rubuta a takardar da ya sa wa hannu ba, na rubuta a littafina.

Ranar Laraba janareto ya huta awa biyar da tsakar rana. Ban taɓa jin daɗin lalacewarsa ba sai ranar.

Ranar Alhamis ɗakin ya cika. Ciyaman da jama'arsa a dama. Malam Gwadabe a hagu, da babbar riga da rawani, an kawo masa kujera. Na sa tandar farko, na'ura ta yi ƙuginta.

Sahun farko ya fito ja wur.

Na sa ta biyu, ja. Na sa ta uku, ja har ya fi na sauran.

Malam Gwadabe ya gyara rawani. "Lailatu, wa ke bisa ganuwa yau?"

Na ɗauko takardar na karanta sunan ruwan, na nuna sa hannun.

"Inna lillahi. Garba, mi kake zuba ma mutane a leda? Jiya jikokina shi suka sha."

Ɗaya daga cikin jama'ar Ciyaman yana riƙe da ledar ruwan, ya sha rabi. Ya sunkuya a hankali ya ajiye ta a bayan ƙofa.

"Na'urar nan ta lalace," in ji Ciyaman.

"Ita ce ta ranar Litinin, ranka ya daɗe. In ta lalace yau, ta lalace ran nan. In kuma lafiyarta ƙalau, to gobe sunaye goma sha uku za a karanta."

Ya cire hula ya share gumi ya mayar. Ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Dakta, me kika ce ne ranar nan game da gefe?"

Na maimaita masa, kalma-kalma, yadda na faɗa da farko. Wannan karon mukullin mota yana aljihu. Ban kai ƙarshe ba ya juya wajen jama'arsa. "Kun ji ko? Ƙafewa ce. Ai kowa ya san wannan, ko mai tuyar waina ta san gefen tanda daban ne. Ni tun ran nan abin bai kwanta mini ba."

"Wato sakamakon Litinin na sahun farko ba shi da amfani?" na ce.

"Wane amfani? A yaga shi."

"Sanarwar gobe fa?"

"An ɗage."

"An ɗage ko an soke?" in ji Malam Gwadabe.

Ciyaman ya dubi allon, ya dubi ledar da ke bayan ƙofa. "An soke."

Sai a lokacin na buɗe littafina, na nuna masa gurbi biyun da na ɓoye. Kore shar. Ruwansa ruwa ne. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dube ni.

Malam Gwadabe yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce to a nuna wa jama'a tsakiyar birni.

Na nuna. Gurbi na farko, wanda a ƙiyasina ya yi daidai da ludayi ɗaya a jikin babban mutum, kore. Na biyu, ludayi biyu, kore. Na uku, ludayi huɗu, kore da ja sun cakuɗe. Na huɗu, ludayi takwas, ja, kuma babu ganuwar da za a ɗora wa laifi.

Dariyar ta tsaya.

"Baba, nawa kake ce wa mutane su sha?"

"Iya ƙishirwa," ya ce a hankali. "Haka ubana ke cewa."

"Ƙwaya a tanda ba mutum ba ce, ba zan ce ka kashe kowa ba. Amma hanta ce wannan, mai shawara kuma hantarsa ce da ma ba lafiya. Ni dai ba zan ba wani ludayi huɗu ba."

"Yana warkarwa dai ko?"

"Ba a tambayi na'urar wannan ba. Kisa kawai take ƙirgawa."

Ciyaman ya ɗan farfaɗo, ya miƙa yatsa wajen gurbi na huɗu. "To wannan jan fa? Wannan ai a tsakiya yake."

"A tsakiya yake," in ji Malam Gwadabe. Bai dube shi ba, allon yake kallo. "Wannan nawa ne, na gani. Daga yau ludayi ɗaya. Lailatu ta rubuta a allo in rataye a rumfa. In ka ishe na ba wani biyu, ka zo ka rufe da hannunka." Ya juyo gare ni. "Sauran dattawan?"

Tara kore. Biyu ja tun daga ƙaramin ƙarfi. Na faɗi sunayensu. Ya ce ya san ɗayan, yana niƙa ƙwayoyin kyamis yana zubawa a jiƙo don ya yi saurin ci, an daɗe ana raɗe-raɗi. Ya ce kafin magariba zai kwashe randunansu da kansa, ba sai rediyo ta ji ba. Ciyaman ya ce kwamiti zai duba wannan shawara. Ya sa direba ya ɗauki sauran jakar ruwan, suka fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na bi ta Ƙofar Sauri da allon da na rubuta. Malam Gwadabe ya kunna rediyo ya ɗora a kan murfin randa. Bai yarda da sokewar da aka yi da baki ba. Muka zauna muka saurari sanarwar ɗaurin aure, da cigiyar akuya, da farashin gero a kasuwannin ƙauye, har aka shiga gaishe-gaishe. Sannan ya kashe, ya karɓi allon ya rataye a ƙusa.

Wani mai ɗinkin takalma ya tsaya, idonsa rawaya, ya miƙo kwano. Malam Gwadabe ya zuba masa ludayi ɗaya. Mutumin ya shanye, ya yamutsa fuska, ya sake miƙo kwanon.

"Ƙara mini, Sarki, ƙishirwar ba ta tafi ba."

"Ga randar ruwa can," in ji Malam Gwadabe. "In idon nan bai washe ba zuwa Litinin, ka tahi asibiti a ɗebi jininka."